Dogon Gilashin da Kuke Jira

Yarana masu ɗaukar hoto, na ji kwanan nan ba ku da hira sai ta dogon gilashin kyamara da kuke fatan a fitar, wanda zai jawo muku tsuntsu daga kan rimi har ku ga ƙwayar idonsa, amma a hannu bai fi gorar ruwa nauyi ba. Wasunku ma sun daina sayen komai, sun zauna jira. Ku matso mu yi magana.

Burin naku yana da tushe. Gilashin Canon mai milimita 400 da f/2.8 da ya fito a 1999 ya haura kilo 5, amma ƙaninsa na 2018 bai kai kilo 3 ba, domin an janye yawancin gilasan ciki daga baki zuwa baya, inda ƙanana za su wadatar. Nikon kuma ta yi amfani da dabarar da ke ɗauke da sunan Fresnel, Bafaranshen nan: a tsaga zobba ƙanana-ƙanana a jikin gilashi ɗaya, ya ɗauke aikin da a dā sai an jera masu kauri. Da haka mai milimita 500 da f/5.6 na 2018 ya tsaya kusan kilo ɗaya da rabi. Saboda haka ina da yaƙinin za a ƙara rage nauyi nan gaba.

Sai dai akwai lissafin da babu kamfanin da zai tsallake. Ku raba milimitocin da aka rubuta a jikin gilashi da lambar f ɗinsa, za ku sami faɗin da bakinsa ke buƙata. Mai milimita 600 da f/4 dole bakinsa ya kai milimita 150, komai gwanintar maƙeri. Canon ta fitar da mai milimita 800 a 2020, nauyinsa kilo 1.26 kacal, amma a f/11 yake, wato kashi ɗaya cikin takwas na hasken da f/4 ke shigarwa. In kun ji an yi shelar sabon gilashi mara nauyi, ku fara tambayar lambar f ɗinsa kafin komai.

Wannan ya shafe ku kai tsaye. Wanda ke ɗaukar tsuntsaye a dausayin Haɗeja da Nguru da hantsi, rana ta ɗaga, f/11 za ta ishe shi, kuma kafaɗarsa za ta huta. Wanda ya tsaya a Hawan Daushe a Kano kuwa, la'asar ta yi sanyi, ƙura ta tashi, dawaki na sukuwa, haske yake nema ruwa a jallo. In bai samu ba, ko hoton ya dushe ko ya cika da ɗige-ɗige. Ga hazon hunturu, ga zafin rana da ke sa iska rawa a saman ƙasa: iyakar nisan da kuka jawo, iyakar hazon da kuka jawo tare da shi. Wannan ba gilashin da zai gyara muku, sai ku taka ku matsa kusa.

Don Allah kada jira ya hana ku aiki. Ku fita da abin da ke hannunku, ku koyi riƙe numfashi da dafe gwiwar hannu a ƙirji. Ranar da sabon ya iso, ku ari na aboki ko ku yi hayarsa tukuna, ku gwada shi da almuru. In mai zobban Fresnel ne, ku auna shi saitin fitilar mota, domin irinsa kan zana wa haske mai ƙarfi da'ira a cikin hoto, kuma gara ku ga hakan kafin ku biya kuɗi.