Wa Ya Haɗa Kan Ƙasar Hausa?

Wani mai sauraronmu daga Matazu, jihar Katsina, yana tambaya: shin ƙasar Hausa ta yi irin Cavour, firaministan da ya haɗa kan Italiya a 1861?

Malam, mun gode. Ai namu sun riga shi. Kafin jihadin Shehu Ɗanfodiyo na 1804, Katsina, Kano, Zazzau da Gobir kowacce cin gashin kanta take, suna ta yaƙar juna. Jihadin ne ya haɗa su ƙarƙashin daula ɗaya. Muhammadu Bello, Sarkin Musulmi daga 1817 zuwa 1837, ya ƙarfafa daular da garuruwan ribaɗi irin Wurno, yana aika wa sarakuna wasiƙun nasiha. Ummarun Dallaje ne ya riƙi tutar jihadin a Katsina. Sai dai sarakunan Katsina na da, waɗanda suka koma Maraɗi, ba su miƙa wuya ba.