Yadda Ake Zaɓen Sanfefa Kafin a Fesa wa Kayan Rezin Fenti

Yau za mu duba sanfefar da ta dace da kayan rezin, wato irin murfin na'ura ko ƙaramin samfurin mota da ake zubawa a mazubi, ko a fitar da injin 3D. Fenti ba ya ɓoye aibi, ƙara fito da shi yake yi. Idan aka yi kuskure a nan, an yi asarar kayan da gwangwanin fentin gaba ɗaya.

Fara da duba lamba

A bayan kowace sanfefa akwai lamba, kamar P120 ko P800. Ƙaramar lamba tana nufin kaushi, babba kuma laushi. Ta kafinta, mai lamba 60 ko 80, an yi ta ne don katako. A jikin rezin ramuka take yi, kuma ta cinye ƙananan zane.

Nemi baƙar nan mai jure ruwa, wadda masu fentin mota ke amfani da ita. Idan babu a shagunan Gummi ko Anka, yi saƙonta daga Gusau ko Sakkwato. Falle ɗaya na kowace lamba zai kai ka nesa, tunda yayyankawa za ka yi.

Matakan aiki

1. Wanke kayan da sabulu, don akwai maiƙon da ake shafa wa mazubi, yana hana fenti kamawa. Wanda ya fito daga inji kuwa, a tabbata ya gama ƙafewa, ba ya danƙo.
2. P240 zuwa P320: don cire tudu da layin mahaɗa kaɗai. Naɗa ta a ɗan katako idan wurin shafaffe ne, don yatsa yana barin kwari.
3. P400: goge duk jikin, har sawun ta baya ya ɓace.
4. P600 zuwa P800: nan za ka tsaya, ka wanke, ka shanya, ka fesa fentin farko mai ruwan toka.
5. P1000: shafa kaɗan a kan fentin farko bayan ya bushe.

Kada ka tsallaka daga 240 zuwa 800, domin mai laushi ba ta iya share sawun mai kaushi. Kada kuma ka kai 2000 kafin fenti. Santsi ya yi yawa, fentin ba zai samu abin riƙewa ba.

Maganar ƙura

Mu mutanen wannan yanki ba sai an yi mana dogon bayani a kan ƙura ba. A 2010, ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Rezin ba dalma ba ne, amma ƙurarsa tana cutar da huhu. Don haka riƙa tsoma sanfefar a ruwa kana gugar, ka sa takunkumi, ka yi aikin nesa da yara da wurin girki. Ruwan kuma yana hana sanfefar toshewa.

Lokacin hunturu, kifa kwali a kan kayan da zarar ka fesa, kafin iska ta yayyafa musu ƙasa.

A darasi na gaba za mu duba yadda ake feshin kansa, in Allah ya yarda.