Ajiyar Tukunyar Tururi Bayan Ƙarewar Aiki

A garuruwan da ake turara shinkafa da tukunyar tururi mai cin itace, aiki yakan yi ƙarfi daga kaka zuwa tsakiyar rani, sa'an nan a kashe wuta sai wata shekara. Mutane da yawa suna zaton tukunya tana hutawa ne a wannan lokaci, alhali kuwa a nan tsatsa ta fi cinta. Abin da ke jawo haka shi ne danshi, da toka da kunkunniyar da aka bari a ciki, gama suna tsotse laimar damina su riƙe ta a jikin ƙarfe.

Haɗarin ba na dukiya kaɗai ba ne. Ruwa idan ya zama tururi yakan nemi wuri fiye da ninki 1,500 na girmansa. Ƙarfen da tsatsa ta ci yana iya fashewa ran da aka sake hura wuta, ya halaka ma'aikata. Saboda haka ya kamata Hakimi ya gargaɗi masu tukwane a ƙasarsa su bi waɗannan ƙa'idodi.

1. A bar wuta ta mutu don kanta. Kada a kwara wa ƙarfe ruwan sanyi yana da zafi, domin yakan tsage.

2. Idan tururi ya ƙare sarai, a zubar da ruwan tun tukunya tana da ɗan ɗumi, don cikinta ya bushe da sauri.

3. A kwashe toka duka daga murhu, a goge bututu da buroshi, a kankare farin ɓawon nan da ruwa yakan bari a ciki.

4. Bayan ta bushe, a sa ƙonanniyar farar ƙasa wadda ba a jiƙa ba cikin faranti, a ajiye a cikin tukunya, a rufe ƙofofinta gam. Ita za ta sha sauran danshi.

5. A rufe bakin bututun hayaƙi da kwano, a shafa wa kusoshi da famfuna giris.

6. A jera sauran itace bisa duwatsu, ƙarƙashin rumfa, saboda ruwa da gara.

Lalle ne malamin Hakimi ya rubuta ranar da aka rufe kowace tukunya, da sunan wanda ya yi aikin. Idan Hakimi ya fita rangadi da damina, sai a buɗe masa ya gani, a sake farar ƙasar idan ta jiƙe. Kafin a hura wuta da kaka, a fitar da farantin, a buɗe bututun hayaƙi, a cika ruwa daidai alamarsa, kana makaniki ya jarraba bawul ɗin da ke sakin tururi. Tukunyar da ba a jarraba ba, kada a yarda a sa mata wuta.