Darasin Mako: Hannun Mai Dubiya da na Mai Jinya



A nan Kudu, idan ɗayanmu ya kwanta asibiti, mu ne danginsa. Da an sallame Juma'a sai ka ga an cika mota an nufi dubiya, wani da kunu, wani da lemo da ayaba. Wannan haƙƙin ɗan'uwa ne, Allah ya ba da lada. Amma akwai abin da muke shiga da shi ba mu sani ba, kuma a tafin hannunmu yake.

Ka tuna inda hannunka ya biyo tun safe: ƙirga kuɗi a Mile 12 ko Agege, riƙe ƙarfen mota, gaisawa da mutum hamsin a ƙofar masallaci. Kai lafiyayye ne, jikinka zai iya da ƙwayoyin cutar da ka kwaso. Wanda aka yi wa tiyata jiya, ko mai jego da jaririnta, ko tsoho mai ciwon suga, ba haka suke ba. Wurin ɗinki, da inda aka soka allurar ƙarin ruwa, da robar fitsari, duk ƙofofi ne a buɗe.

Mazauna Legas ba mu manta 2014 ba. A watan Yuli wani matafiyi daga Laberiya ya shigo da Ebola, mutum 20 suka kamu a ƙasar nan, 8 suka rasu, har da likitar da ta hana shi fita asibiti, Dakta Stella Adadevoh. Lokacin ko banki za ka shiga sai ka wanke hannu. Cutar ta wuce, mu ma muka ajiye ɗabi'ar. Alhali zazzaɓin Lassa da kwalara suna nan, kuma masu jinya na cikin waɗanda suka fi kamuwa.

Wani zai ce, "Ai da alwalata." Alwala tsarki ce ta ibada, amma ba sabulu a cikinta, kuma butar ma hannu nawa ya taɓa ta? Kowanne da wurinsa.

Ga lokutan wankewa:

1. Kafin ka taɓa majinyaci, ko gaisawa ce.
2. Kafin ba shi abinci ko magani.
3. Bayan zubar da fo, ko share amai, jini ko majina.
4. Bayan ka fito banɗaki.
5. Kafin ka bar ɗakin, don kada ka kai wa iyalinka.

Yadda ake yi: jiƙa hannu, sa sabulu, cuɗa ciki da baya, tsakanin yatsu, babban yatsa da ƙarƙashin farce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aikin duka ya ɗauki daƙiƙa 40 zuwa 60. Ruwa ya zama mai zuba ne, ba kwano ɗaya kowa ya tsoma ba. Idan babu ruwa kusa, a shafa sanitaiza har ta bushe. Amma in akwai datti da ido ke gani, sai sabulu.

Hajiyoyi da iyayenmu mata masu kwana jinya, nauyin ya fi yawa a kanku. A yanke farce, a cire zobe, a ajiye sabulu a jakar jinya tare da flas da darduma. Safar hannu ba ta ɗauke wanki. In an cire ta, a wanke.

Mai mura ko gudawa ya haƙura da zuwa, ya buga waya ya yi addu'a. Kada a zauna kan gadon majinyaci, kada a taɓa ciwonsa wai don a gani. In nas ta ce ku wanke hannu ko ku ragu, ba wulaƙanci ba ne, aikinta take yi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa kaffara ce. Amin.