Yadda Ake Ƙaura da Damo

Ranar da magidanci zai tashi daga Kwarbai ko Limancin Kona a birnin Zariya ya koma sabon gida a Tudun Wada ko Samaru, kowace dabba tana sanar da kanta. Akuya ta yi ta kuka, kaji su cika tsakar gida da kyarkyara. Damon da yaran gida suka raina tun yana ɗan ƙarami kuwa sai ya lafe a gindin randa, ko motsi ba ya yi. Da ma Bahaushe ya naɗa shi sarkin haƙuri, kuma wannan haƙurin ne kan jawo masa halaka a hanya, don ba wanda zai ji kokensa.

Abin da ya kamata kowa ya fara sani shi ne, jikin damo ba ya yin ɗumin kansa kamar na akuya ko na ɗan Adam. Da shi da guza da ƙadangare da kunkuru, duk aron zafi suke yi daga rana da ƙasa. Idan wuri ya yi sanyi, jikinsa ya mutu, abincin cikinsa ya ƙi narkewa. Idan zafi ya yi yawa kuma babu inuwar gudu, ba ya daɗewa.

Lungunan birnin Zariya ba duka mota ke shiga ba, saboda haka kaya kan fito a baro ko a ka, a jibge su bakin titi ana jiran akori-kura. A nan ake yin ɓarnar. A watan Afrilu, kwalin damon da aka ajiye a rana ana ta ciniki da direba ya zama tanda. A Disamba da Janairu kuwa, iskar hunturu ce ke dukansa a bayan buɗaɗɗiyar mota tun daga Ƙofar Doka har Samaru. Don haka da bazara a yi tafiyar da sassafe, da hunturu a bari sai hantsi ya dubi ludayi.

A daina ba shi abinci kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, don jijjigar mota kan sa shi amai. A sa shi a jakar yadi mai shan iska, a ɗaure bakin jakar, a ɗora cikin kwali mai huji da aka shimfiɗa wa tsumma. Ban da leda. Ban da ɗaure masa ƙugu da igiya irin yadda mafarauta ke kawo shi kasuwa. Wancan na tukunya ne. Wajen kamu, hannu ɗaya a bayan wuya, ɗaya a gindin wutsiya, don yana cizo kuma yana bulala da ita. Kwalin ya zauna a ƙafar mutum cikin mota ko Keke Napep, ya zama na ƙarshen shiga, na farkon fita. Bayan haka a wanke hannu da sabulu, musamman yara, saboda kashinsa na ɗauke da ƙwayar cutar gudawa.

Sabon gida ma da tasa matsalar. Katangar ƙasa ta cikin birni tana riƙe ɗumin rana har dare, daɓen siminti kuwa sanyi ƙalau. A tanadar masa ƙasar tono, da wurin shan hantsi, da kaskon ruwa. In ya yi kwanaki bai taɓa fara ko gyare ba, kada hankali ya tashi, da rani ma a dawa watanni yake yi a rami ba ci. Amma in ya rame ko yana numfashi baki buɗe, akwai asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.

Mai niyyar tsallaka iyaka da shi kuwa, ko da zuwa Maraɗi ne, sai da takardar izini. Damo na cikin dabbobin da yarjejeniyar cinikin namun daji ta CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta sa wa ido, kuma dubbai ake kwasa daga Gana da Togo da Benin zuwa Amurka da Turai, inda ake kiwonsa a akwatin gilashi da fitilar ɗumi.