Sanyi Ya Ƙone Mini Itacen Mapul, Ko Zai Farfaɗo?

TAMBAYA: Shekara uku ke nan da na sayi ɗan itacen mapul na Japan mai jan ganye, irin wanda ake kira Bloodgood, na dasa shi a babbar tukunya a bayan gida. Bana ya yi toho gwanin sha'awa a watan Afrilu, sai wani dare sanyi ya sauko har raɓa ta daskare. Cikin kwana biyu ganyen ya koma ruwan ƙasa, yana rugurgujewa a hannu. Yanzu kuma wasu korayen rassa suna fitowa daga gindinsa. Ya mutu ne? In yanke rassan da suka ƙone?
Daga wata mai karatu, Hamburg, Jamus.

AMSA: Ajiye almakashin tukuna, sauri ya haifi nawa.

Wannan itace, da masana ke kira Acer palmatum, asalinsa daga Japan da Koriya ne, kuma ya saba da hunturu. Muddin yana barci ba ganye, sanyi bai cika yi masa illa ba. Abin da ba ya jurewa shi ne sanyin da ke zuwa bayan ya farka. Sabon ganye cike yake da ruwa. Idan ruwan ya daskare sai ya farfasa ganyen ta ciki, in kuma ranar safe ta haska shi nan take, ɓarnar ta ƙaru. Amma mutuwar ganye ba mutuwar itace ba ce. A jikin rassan akwai idanun toho na ajiya, kuma galibi cikin wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi suke buɗewa.

Ga yadda za ki gane mai rai. Ki sa farce ki ɗan kankare ɓawon reshe, wuri kamar ƙwayar shinkafa. In kin ga kore mai danshi, da ransa. In kin ga ruwan ƙasa busasshe, ki sauko ƙasa kaɗan ki sake gwadawa, har ki kai inda koren ya fara.

Yanzu ga inda maganar take. Itacenki ɗan aure ne, kamar mangwaron aure da muka sani a gida. An yanko reshen Bloodgood ne aka haɗa shi da gindin mapul na gama-gari da aka shuka daga iri. Ki duba jikin itacen, kaɗan sama da ƙasa, za ki ga wani kumburi ko tabo inda launin ɓawon ya sauya. Nan ne mahaɗar. Duk abin da ya fito samanta Bloodgood ne, jan ganye zai yi. Duk abin da ya fito ƙarƙashinta na gindin ne, shi ya sa kika gan shi kore. Waɗannan korayen rassa sun fi na sama ƙarfi, in kin bar su za su shanye abincin, su kashe wanda kika biya kuɗi dominsa. Matuƙar kin sami kore a ɓawon da ke saman mahaɗar, ki cire su yau, tun suna da taushi, daidai inda suka tsiro.

Rassan sama kuwa ki ƙyale su sai ƙarshen Yuni, lokacin da mai rai ya nuna kansa. Sannan ki yanke matattun, dab da saman idon toho mai lafiya, da almakashi mai kaifi wanda kika goge da sifirit. Kada ki bar busasshen reshe ya shekara a jikinsa, domin a nan wata cuta ke samun mafaka, mai fitar da ƙananan ƙuraje ruwan lemo a ɓawo, daga nan ta gangara zuwa lafiyayyen sashe.

Kada tausayi ya sa ki zuba masa takin zamani. Majinyaci ba a ɗura masa tuwo. Ruwa yake so daidai gwargwado: ƙasar ta kasance da danshi, amma kada ruwa ya kwanta a tukunyar. Ki shimfiɗa ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace a kan ƙasar, kauri kamar santimita 5, ba tare da ya taɓa gindin ba.

Domin baɗi, ki tuna da kwanakin da Jamusawa ke kira Eisheiligen, 11 zuwa 15 ga Mayu. Masu lambu a can ba sa sakin jiki da sanyi sai sun wuce. Duk daren da hasashen yanayi ya nuna awon sanyi zai kusanci sifiri, ki lulluɓe itacen da farin mayafin lambu ko tsohon zanen gado, ban da leda, ki yaye da hantsi. Ki kuma matsar da tukunyar jikin bango, inda iska ba ta dukanta kuma ranar safe ba ta fara sauka.

In Yuli ya kama ba ko jan ganye ɗaya a saman mahaɗar, kuma ɓawon ya bushe, Bloodgood ya tafi. A nan sai ki bar reshe ɗaya mai ƙarfi daga gindin ya girma. Koren mapul ne, shi ma yana ƙawata gida, kuma a kansa ake iya sake yin wani auren.