Ciwon Mafitsara: Yadda Ake Gane Shi da Yadda Ake Maganinsa

Jama'ar Gidan Sori, darasinmu na yau kan wani ciwo ne da kunya take sa a ɓoye shi, wato ciwon mafitsara.

Ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi. Yawancinsu cikin hanji suke zaune. Idan suka sami hanya daga dubura zuwa ƙofar fitsari, sai su hau cikin mafitsara su hayayyafa. Ya fi kama mata, domin hanyar fitsarin mace gajeruwa ce, tsawonta kamar santimita 4.

Mai wannan ciwo yana jin zafi idan yana fitsari. Yana yawan zagayawa, amma kaɗan ke fita. Mara tana ciwo. Fitsarin yakan gurɓace, ya yi wari. Idan kuwa zazzaɓi ya shigo, da rawar sanyi, da amai, da ciwon kwiɓi, to cutar ta kai ƙoda. A kai mutum likita a ranar, ko da a amalanke ne. Da yawa suna ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, su sha maganinsa, ciwo kuwa yana nan yana ci.

Kada mu haɗa shi da tsargiya. Yaron da ke wanka a tabki ko a Gulbin Maraɗi, aka ga jini a ƙarshen fitsarinsa, a fara zaton tsargiya. Tsutsa ce ke kawo ta, maganinta dabam. Namijin da mugunya ke fitar masa kuma, wannan ciwon sanyi ne, da shi da iyalinsa za a yi wa magani.

A gidan likita, manjo zai yi tambayoyi. Mu faɗa masa gaskiya. Inda akwai kayan awo, ana tsoma 'yar takarda cikin fitsari, launinta ya nuna alamar cutar. Idan ciwo ya ƙi jin magani, sai a tura mutum asibitin Gidan Rumji ko babban asibitin Maraɗi a ƙara bincike.

Maganinsa ƙwayoyi ne masu kashe ƙwayar cuta. A shanye su har iyakar kwanakin da likita ya yanka, ko da an ji sauƙi. Abin da ya fi damunmu shi ne kafso biyu na 'yan tebur ranar kasuwa. Zafi yakan lafa, amma cutar ba ta mutu ba, sai ta dawo ta daina jin magani. Kanwa ma ba ta kashe ta.

Mai ciki takan ɗauki cutar ba tare da ta ji komai ba, kuma tana iya jawo haihuwar bakwaini. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta yafe kuɗin awon ciki. Maigida ya bar ta ta je.

Wajen tsarki, mace ta wanke daga gaba zuwa baya. A sha ruwa sosai, musamman da bazara da lokacin noma. Kada a riƙe fitsari, ko ana tsakiyar aikin gona.